Koriya, Japan, Tailan ko Saudiyya: ina ya fi dacewa ka je koyar da Turanci?

Tallan aikin koyar da Turanci a ƙasashen waje duk kamarsu ɗaya: hoton yara suna dariya, albashi da manyan lambobi, sai alkawarin gida da tikitin jirgi. Ba a rubuta ƙarfe nawa za ka tashi, a hannun wa bizarka za ta kasance, ko me za ka ci da rana ranar Talata alhali ba ka iya karanta ko harafi ɗaya a jikin takardar abinci ba. Waɗannan kuwa su ne rayuwar. Albashi sau ɗaya yake zuwa a wata, yini kuwa kullum sai an yi shi.

Na yi shekara biyu a wata makarantar sakandaren gwamnati a Tailan, na kuma yi uku a ajin share fage na wata jami'a a Saudiyya. Koriya ta Kudu da Japan na san su ta ƙa'idojin shirye-shiryensu da kuma bakin abokan aikin da suka baro can muka haɗu a ofis ɗaya. Ƙasashen nan huɗu su ne mutane suka fi tsayawa a tsakaninsu suna ruwan ido.

Abin da za a auna

Na farko fasfo ne, kuma shi ne alƙali. Akwai ƙofar da ko ka fi kowa Turanci ba za ta buɗe ba in fasfonka bai cikin jerin da aka ware. Na biyu, yadda yinin yake tafiya: safe ne ko dare, yara ne ko manya, kai kaɗai ne a aji ko da mai tallafa maka. Na uku, abin da ke saura a aljihu bayan haya da haraji da ci, tunda babban albashi a gari mai tsada kamar ɗibar ruwa ne a kwando. Sai dorewar aikin, sai irin haɗarin da ke tattare da shi, sannan ci da ibada da kaɗaici, waɗanda ake rainawa kafin tafiya amma su suke koro mutum gida tun kwantiragi bai ƙare ba.

Abu ɗaya ya haɗa su duka: digiri na farko, galibi ko a wane fanni ne, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi, da gwajin lafiya, da hatimin tabbatar da takardu. Wannan kan ci watanni da kuɗi tun ba ka ga ƙofar jirgi ba. Takardar koyarwa kuma iri-iri ce. CELTA ta Cambridge mako huɗu ce in aka yi ta a jere, kimanin awa 120, da awa 6 na koyarwa a gaban ɗalibai na gaske ana duba ka. Akwai takardun TEFL masu araha da ake yi ta intanet. Suna wucewa a wasu wurare, amma jami'o'in Larabawa kan tura su gefe.

Koriya ta Kudu

Mu fara da ƙofa. Bizar malamin Turanci, E-2, 'yan ƙasashe bakwai ake ba: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu. In ba ka cikinsu, kada ka ɓata kuɗinka wajen dillalin da ya ce yana da hanya. Ka tsallake zuwa Japan.

Wanda ya cancanta yana da hanya biyu. Ta farko EPIK, shirin gwamnati da aka fara a 1995, mai rarraba malamai a makarantun gwamnati. Shiga ƙarfe 8:30, tashi 4:30, darasi 22 a mako, kuma akwai malami ɗan ƙasa a aji tare da kai. Gida kyauta ne, galibi ɗaki ɗaya mai ɗan kicin da banɗaki, ga dumi yana tasowa ta ƙarƙashin daɓe lokacin sanyi. Ana ba da won (kuɗin Koriya) 300,000 na sauka, makaranta na biyan rabin inshorar lafiya, in ka cika shekara kuma doka ta ba ka albashin wata guda na sallama. Albashin kansa won miliyan biyu da ɗoriya ne a wata, gwargwadon takardu da shekarun aiki. Ba shi da yawa ainun, amma tunda babu haya, mai kama hannunsa yana ajiye abin kirki.

Abin da malamai suka fi kuka da shi a EPIK abin dariya ne ga wanda bai ɗanɗana ba: ɗumama kujera. Yara sun tafi hutu, makaranta wayam, amma kwantiragi ya ce ka zo, sai ka zo ka zauna awa takwas a gaban kwamfuta cikin rigar sanyi.

Hanya ta biyu ita ce hagwon, makarantun kuɗi da yara ke zuwa bayan sun tashi daga ta gwamnati. Nan yinin a juye yake, daga azahar zuwa tara ko goma na dare. Sun fi saurin ɗauka, kana kuma iya zaɓar birni, amma hutu kaɗan ne kuma komai ya dogara da halin mai makarantar. Bizar a ɗaure take da wanda ya ɗauke ka. Barinsa kafin wa'adi sai da takardar saki daga hannunsa. Sanannen zalunci a wannan harka shi ne a kori malami a wata na goma sha ɗaya don kada a biya shi kuɗin sallama. Kafin ka sa hannu, ka nemi a haɗa ka da malamin da ke aiki a wurin yanzu, ku yi magana ba a gaban shugaba ba. In aka yi ta kwana-kwana, ka samu amsarka.

Abincin makaranta naman alade na yawan shiga cikinsa, har a miyar da ba ka zata ba. Babban masallacin Seoul yana unguwar Itaewon tun 1976, da shagunan halal kewaye da shi, amma wanda aka kai ƙaramin gari zai koyi dafa nasa.

Japan

Japan ba ta da jerin ƙasashe bakwai. Bizar malamin makaranta tana neman a nuna an yi shekara 12 ana karatu da harshen da za a koyar, don haka wanda ya yi firamare da sakandare da Turanci yana da abin gabatarwa. Samun mai ɗauka shi ne aikin.

Mafi daraja shi ne JET, shirin gwamnati mai kai mataimakan malaman Turanci makarantu, wanda aka kafa a 1987. Ta ofishin jakadancin Japan ake nema, watanni da yawa kafin tafiya, kuma ofishin ne zai gaya maka ko ana ɗauka daga ƙasarku. Daga Afrilun 2025 albashin shekarar farko ya koma yen miliyan 4.02, yana ɗan ƙaruwa a shekarun baya, iyakar zama kuma shekara biyar. Tikitin zuwa a kansu yake. Amma ba kai za ka zaɓi gari ba. Ka rubuta Tokyo a fom, a kai ka wani tsibiri ko ƙauyen da bas ke shiga jefi-jefi.

Yinin mataimakin malami ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta fiye da ko'ina. Wani shi ke tsara darasi gaba ɗaya, wani kuwa aikinsa ya tsaya gefen allo ya karanta jimla yara su maimaita, kamar rediyo. Kana cire takalmi a bakin ƙofa ka sa na ciki. A makarantu da yawa tare da yara za ka ci abincin rana, bayan haka kowa ya ɗauki tsintsiya, domin ɗalibai ne ke share makarantarsu. A gida kuma akwai jarabawar shara: kowace iri da ranarta da jakarta, in ka haɗa ba daidai ba sai ka tarar an bar maka abarka da takarda manne.

Haya kai za ka biya, ko da yake wasu hukumomin ilimi na rage maka. Kama gida da kanka yana da nauyi a farko, saboda bayan kuɗin ajiya wasu masu gidaje na karɓar kuɗin godiya wanda ba ya dawowa. Ga kuma faɗuwar yen, wadda a 2024 ta haura 160 a dala ɗaya. Mai aika kuɗi gida shi ya fi jin wannan a jikinsa.

Wanda bai samu JET ba yakan faɗa hannun kamfanonin da ke ba makarantu hayar malamai. Aikin iri ɗaya ne, albashin ƙasa yake, wasu ma suna zabge shi a watannin hutu. Akwai kuma makarantun kuɗi masu koyar da hira da Turanci, na yamma da ƙarshen mako. Tsofaffin malamai har yau suna tuna Oktoban 2007, lokacin da kamfanin NOVA, mai irin waɗannan makarantu, ya durƙushe ya bar dubban malamai babu albashi, wasu har babu gida. Sauƙin da Japan ke da shi shi ne bizarka ba a aljihun mai aiki take ba; kana iya sauya wuri cikin irin aikin ka sanar da hukumar shige da fice.

Tailan

Nan ce ƙofar da ta fi faɗi. Wanda ba ɗan ƙasashen Turawa masu magana da Turanci ba ne ana neman ya kawo sakamakon jarabawar Turanci, galibi TOEIC maki 600 zuwa sama, sai biza nau'in B, da izinin aiki, da izinin koyarwa na wucin gadi daga majalisar malamai, mai shekara biyu, wanda sabunta shi iyaka gare shi. Duk kwana 90 kuma sai ka sanar da hukuma inda kake zaune.

Bari in nuna safiya ɗaya. Ƙarfe bakwai da kwata ina tsaye a bakin get, domin ranar aikina ce ta tarbar yara. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya haɗa tafin hannu ya ɗan rusuna. Ranar Litinin ce, wadda launinta rawaya ne a al'adar ƙasar, don haka malamai da yawa shi suka sa. Ƙarfe takwas a ɗaga tuta a rera taken ƙasa, a yi jawabai cikin rana har gumi ya jiƙa riga. Sai aji: yara arba'in da biyar, fanka biyu a sama, makirufo a hannuna saboda murya ba ta kai bayan aji. Sau ɗaya nake ganinsu a mako. Sunayen laƙabinsu kawai na iya riƙewa, su ma ba duka ba. A ƙarshen zango aka nuna mini a hankali, cikin murmushi, cewa ba a kayar da yaro; a sake masa jarabawa har ya haye.

Albashin makarantun gwamnati galibi baht 30,000 zuwa 40,000 ne ga masu fasfon Turawa, kuma babu ɓoye-ɓoye, wanda ba ya cikinsu ƙasa da haka ake ba shi ko da ya fi su takardu da ƙwarewa. Launin fata ma yana shiga lissafin wasu makarantu, saboda abin da iyaye ke son gani. Wannan yana ci wa mutum rai, gara ka sani tun daga gida. Haya da ci suna da sauƙi a wajen Bangkok, za ka rayu cikin rufin asiri, amma ajiya sai dai kaɗan.

Ni abin da ya same ni a shekarar farko sakacina ne. Ta hannun wani kamfanin dillancin malamai na shiga, ban kula cewa kwantiragin wata goma ne ba. Zango ya ƙare a Maris, sabuwar shekarar karatu sai Mayu. Afrilu ya zo da zafinsa da bikin watsa ruwa na Songkran, gari na ta shagali, ni kuwa ina ƙirga abin da ya rage a asusu ina cin shinkafa da ƙwai. A shekara ta biyu kai tsaye na yi da makarantar, wata goma sha biyu cur. Haɗari na biyu ya fi wannan muni: wurin da zai ce ka fara aiki da bizar yawon buɗe ido, takardu na tafe. In aka kama, kai za a tsare a kora, ba su ba.

Abincin halal bai da wuyar samu. Musulmi suna da yawa a kudancin ƙasar, Bangkok kuma cike take da masallatai. Mutanen suna da sakin fuska, kaɗaici bai cika kama mutum ba.

Saudiyya

Nan ba a cika ɗaukar sabon shiga ba. Jami'o'i da kwalejoji na neman CELTA ko makamanciyarta, da shekarun aiki, sau da yawa har da digiri na biyu, kuma digirin da aka yi ta intanet yakan gamu da cikas wajen tantancewa. Ba a kulle ƙofa da jerin ƙasashe kamar Koriya ba, amma fasfo na taɓa yawan albashi.

Mako daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Motar ma'aikata na ɗaukarmu tun gari bai gama wayewa ba, darasin farko ƙarfe takwas, kafin la'asar mun dawo. Ɗalibai samari ne 'yan shekara sha takwas zuwa ashirin, maza daban mata daban a galibin wurare, malaminsu ma haka. Ba ihu ba guje-guje irin na yara, amma rigimar rajistar halarta ta ishe ka: wanda ya makara minti ashirin zai tsaya a bakin ƙofa yana rantsuwa cunkoson hanya ne, yana roƙon kada a rubuta shi, saboda yawan fashi na hana shiga jarabawa. Littafi da jadawali daga sama suke zuwa, kowa shafi ɗaya a mako ɗaya. Mai son ƙirƙira a aji zai ji an ɗaure shi.

Ta fuskar kuɗi babu mai kama ta a cikin huɗun. Ba a cire harajin albashi. Gida ko kuɗin gida yana cikin kwantiragi, haka inshorar lafiya da tikitin hutu na shekara. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986, don haka abin da ka tara ba ya narkewa. In ka tashi tafiya akwai kuɗin ƙarshen aiki: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan nan, ko da yake wanda ya ajiye aiki da kansa da wuri ana rage masa. Mai iyali ya lissafa harajin zama na riyal 400 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa, da kuɗin makarantar yara in kwantiragi bai ɗauka ba.

Haɗarin yana wajen wanda ya ɗauke ka. Da yawa ba jami'ar ce ke ɗauka kai tsaye ba, kamfani ne mai kwangila, kuma kwangila tana iya sauya hannu a ƙarshen shekara. Akwai masu jinkirin albashi. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, da sunan mai aiki take. Gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ya sassauta fita da sauya aiki, amma wanda ya yi faɗa da mai aikinsa har yanzu yana shan wuya. Ga manufar ba 'yan ƙasa fifiko a ayyuka, wadda kan rage guraben baƙi a hankali.

Ga Musulmi, ci da ibada ba abin tunani ba ne, kuma yin Umara a hutun ƙarshen mako abu ne da ba a sa masa farashi. Jirgin ƙasa mai gudu tsakanin Makka da Madina yana aiki tun 2018, shekarar da aka bar mata su tuƙa mota. Zafin bazara kuwa yana haura digiri 45 a wurare da dama, rayuwa ta koma daga ɗaki zuwa mota zuwa kanti. Wanda bai da iyali a kusa, yammacinsa yana da tsawo.

Za a tambaya ina Sin. Albashinta na da kyau, amma tun Yulin 2021 da gwamnati ta hana cibiyoyin kuɗi koyar da darussan makaranta bayan tashi, babban ɓangaren kasuwar ya rufe, sharuɗɗan fasfo kuma sun yi tsauri. Shi ya sa na bar ta a gefe.

| Ma'auni | Koriya | Japan | Tailan | Saudiyya |
|---|---|---|---|---|
| Fasfo | Ƙasashe bakwai | A buɗe, da sharaɗi | Mafi faɗi | A buɗe, takardu ne gaba |
| Sabon shiga | Ana ɗauka | Ana ɗauka | Ana ɗauka | Da wuya |
| Lokacin aiki | Safe, ko yamma a hagwon | Safe zuwa la'asar | Safe zuwa la'asar | Safe, Lahadi zuwa Alhamis |
| Gida | Kyauta | Kai ke biya | Kai ke biya, da araha | Kyauta ko kuɗinsa |
| Ajiya | Mai kyau | Matsakaiciya | Kaɗan | Mafi yawa |
| Dorewa | Shekara-shekara | JET iyaka biyar | Sai da cikakken lasisi | Gwargwadon kwangila |
| Babban haɗari | Mugun mai hagwon | Kamfanin haya, faɗuwar yen | Aiki babu izini, watan da ba biya | Jinkirin albashi, sauyin kwangila |
| Abincin halal | Da wuya a ƙananan garuruwa | Da wuya a ƙauye | Da sauƙi | Ko'ina |

Wa ya dace da ina

In fasfonka na cikin bakwai ɗin nan, ka gama jami'a ba da daɗewa ba, kana da bashin da kake son biya, EPIK ce ta fi maka. Hagwon sai in dole sai wani birni kake so, kuma ka ji daga bakin malamin da ke ciki.

In abin da ke ranka zama cikin wata al'umma ne ka koyi harshenta, kana da haƙurin jira kusan shekara kafin tafiya, kuma ƙauye bai ba ka tsoro, ka nemi JET. In ba a ɗauka daga ƙasarku, kamfanin haya na iya zama tsani, amma ka tafi da kuɗin da zai riƙe ka wata biyu, domin albashin farko kan jinkirta.

In fasfonka ya rufe maka Koriya, ba ka kuma da shekarun aikin da Larabawa ke nema, Tailan ce wurin fara tara su. Ka je da niyyar shekara biyu, ka yi CELTA a tsakani, tunda akwai cibiyoyinta a Bangkok da Chiang Mai, ka karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi daga makarantar kafin ka tafi.

In kana da digiri na biyu da ƙwarewa, ga iyali da ke jiran abin da za ka aiko, Saudiyya. Ka fifita wurin da jami'a ko kwaleji ke ɗauka kai tsaye ko da albashinsa ya ɗan gaza na kamfani, ka kuma tabbatar bizar aiki ce aka buga maka a fasfo, ba ta ziyara ba, kafin ka sayi akwati.